Kada Mu Ɗora Wa Gara Laifi, Mu Ne Muke Kashe Hotunan Iyayenmu

Kusan kowane gida a ƙasar Arewa, ina nufin Arewarmu ta Dallol Mawri, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Kore Mairuwa, yana da wata adaka ko tsohuwar jaka da aka tura ƙarƙashin gado. A cikinta akwai takardun gona, da tsohon katin zaɓe, da ƴan hotuna da suka manne da juna. In ka tambayi mutanen gidan ina sauran hotunan, amsar ba ta wuce biyu: ko gara ta cinye, ko ruwa ya shiga ɗaki. Wannan amsa ta ishe mu haka nan. Gara aikinta take yi, ruwan sama kuma ba bana ya fara zuba ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu muka tsaga bangon da sakacinmu.

Akwai ma asarar da ta fi ta gara muni, wadda ba mu lissafa ta cikin asara. Hoto yana nan garau, ko kusurwa ɗaya bai yage ba, amma duk gidan babu wanda zai iya faɗin sunan mutumin da ke ciki. Wanda yake ganin na cika baki, ya gwada yau da dare. Ka ɗauko tsohon hoto guda, ka tara yaranka, ka ce su faɗa maka su wane ne waɗannan. In sun kasa, kai ka faɗa musu. Za ka gane mahaifinka, wataƙila da ƙaninsa. Mutum na uku da ke tsaye da rawani fa? Matar da ke gefe riƙe da jariri fa? A nan za ka ji bakinka yana cewa, “Bari mu tambayi Inna.” To, ranar da Inna ta kwanta dama, wa za a tambaya? Daga wannan rana hoton ya zama takarda mai fuskokin baƙi. Jikokinka za su ba yara su yi wasa da shi, kuma ba su yi laifi ba.

Mu ƴan Arewa ya kamata mu fi kowa jin zafin wannan magana. Babu ɗan lakwal a Nijar da bai ji labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ba, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Amma wace fuska ce ke zuwa zuciyar mutane in an ambaci sunanta? Fuskar Aï Keïta ce, ƴar wasan Burkina Faso da ta fito a matsayinta a fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda aka gina a kan littafin Abdoulaye Mamani na 1980, kuma aka ɗauke shi a Burkina. Fim ɗin ya yi mana rana, har ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Duk da haka fuskar aro ce, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Mutanen Lugu na 1899 suna da uzuri, ba su da na’urar ɗaukar hoto. Mu da aka ɗauki iyayenmu da kakanninmu hoto, aka wanke, aka miƙa mana a hannu, mene ne uzurinmu?

Dubi kuma inda hotunan ƙasarmu da aka adana da kyau suke. Marc-Henri Piault, Bafaranshe, ya wallafa “Histoire Mawri” a Paris a 1970, ya kuma yi fim a kan mahautan ƙasar Mawri. Éliane de Latour ta ɗauki fim a kan sarauta a wannan ƙasa tamu a shekarun 1980. Adeline Masquelier, malamar jami’a a Amurka, ta rubuta littattafai biyu da Turanci a kan Dogon Dutsi, ɗaya a 2001, ɗaya a 2009. Ban ga laifinsu ba. Sun zo, sun yi tambaya, sun rubuta suna da rana, sun koma da kayansu inda aka san darajarsu. Sai dai baƙo abin da ya ba shi mamaki yake ɗauka: bori, fada, kasuwa, dutsen Tunguma. Ba zai ɗauki ranar da kawunka ya dawo daga Kumasi da sabon keke ba, ko ranar da aka ɗaura auren iyayenka. Waɗannan suna cikin adakarmu, kuma babu wani kwafinsu a Paris ko a Yamai. In suka tafi, sun tafi ke nan.

Kada wani ya raina abin da ke cikin adakar nan. Hoton ƴan aji da mushensu a gaban ɗakin karatu na zana yana nuna shekarar da lakwal ta shigo garinku, da yawan ƴan matan da aka bari suka shiga. Hoton ƴan Samariya na zamanin Seyni Kunce, tsakanin 1974 da 1987, yana nuna su wane ne matasan gari a lokacin. Hoton da ɗan cirani ya aiko daga Abidjan ko Legas, ya ci ado don a gani a gida a san yana lafiya, yana ba da labarin hanyar da arzikin gidaje da yawa ya biyo. A bayan mutanen da ke cikin hoto akwai itatuwan da aka sare, da rumbunan da aka daina ginawa, da kitso da zanen fuska da yaran yau ba su taɓa gani ba. Malamin tarihi ko na labarin ƙasa da ya san aikinsa zai yi darasin mako guda da hoto ɗaya irin wannan.

Akwai darasi a labarin Seydou Keïta, mai hoton Bamako. Ya buɗe shagonsa a 1948, ya ɗauki dubban mutanen gari, ya kuma adana dodannin hotonsa, wato baƙin fim ɗin nan da ake wanke hoto daga jikinsa, wanda ƴan lakwal ke kira kilishe. A 1991 aka baje wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Daga baya aka bi sawu har Bamako aka same shi da kayansa. Saboda ya adana dodannin, aka sake wanke su manya-manya, duniya ta san shi, har aka yi masa gagarumin baje koli a Grand Palais na Paris a 2016, shekara 15 bayan rasuwarsa. Amma ka duba ƙarƙashin hotunan: mafi yawansu ba su da sunan wanda ke ciki. Kakannin wasu ne ke rataye a manyan gidajen tarihi na duniya, masu kallo suna yaba zanensu da ɗaurin kallabinsu, ba wanda ya san ko ƴar gidan wane ce. Ko inda aka ceci takarda, in ba a rubuta suna ba, rabin aikin kawai aka yi.

Na san abin da matasa za su ce: “Wannan zancen da ne, yanzu komai yana cikin salula.” A ganina babu ƙaryar da ta fi wannan haɗari, domin tana sa mutum ya yi barci da ƙofa a buɗe. Salula nawa ka riƙe cikin shekara goma da suka wuce? Ina hotunan da ke cikin ta farko? Waya tana faɗawa rijiya, ana sace ta a tasha, katin memori yana mutuwa ba sallama, mai gyara yana goge komai ya ce dole ce. Da yawanmu yaron shagon waya ne ya buɗe mana asusun Google, shi ya zaɓi kalmar sirri, shi ma ya manta. Kamfanin Google kuma ya sanar cewa daga Disamban 2023 yana iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba, har da hotunan da ke ciki. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto ana matse shi, ingancinsa ya ragu, in aka yi ta tura shi daga hannu zuwa hannu sai fuska ta zama kamar an shafa mata toka. Hoton baƙi da fari da aka wanke a 1965 yana nan ana kallonsa bayan shekara 60. A nuna mini salular da za ta kai rabin haka. Yaran da aka haifa cikin shekaru goma sha biyar ɗin nan sun fi kowa yawan hotuna a tarihin gidajenmu, kuma ina tsoron su za su fi kowa rasa hoton yarintarsu.

Wasu kuma za su kawo zancen addini, su ce ajiye hoto bai halatta ba. Malamai sun yi saɓani a kan hoton na’ura, kuma fatawa aikinsu ne. Abin da zan ce da mai wannan ra’ayi shi ne, hoton kakanka ba naka ba ne kai kaɗai. Ƴan’uwanka da ƴaƴansu suna da haƙƙi a cikinsa, har da waɗanda ba a haifa ba. In zuciyarka ba ta natsu da rataye shi a bango ba, sauke shi, dama bango ne ke kashe hoto. In ba ka son shi a ɗakinka ko kaɗan, miƙa wa ƙanwarka ko ɗan baffanka. Amma ka kunna masa ashana kai kaɗai, ba shawara da kowa, wannan yanke hukunci ne a kan dukiyar da ba taka kaɗai ba. Addinin da ya umurce mu da sada zumunta yana son mu san dangi kafin mu sada su, kuma hoto mai suna a bayansa yana taimakon yaro ya san cewa mutanen Gesheme ko na Dankasari da ake ce masa ya gaishe su jininsa ne.

Sai masu cewa, “Muna fama da hatsi da kuɗin magani, kai kana zancen hoto.” Da a ce abin da nake kira gare shi yana cin kuɗi, da na yi shiru. Fensir ɗaya da ambulan ɗin takarda da bulo huɗu nawa suke? Ba su kai kuɗin katin waya na kwana biyu ba. Abin da aikin ke ci shi ne yammaci guda a zauna da tsohuwa. Wannan yammacin ne muke rowarsa, muna fakewa da talauci.

Abin takaici, har masu ƙoƙarin adanawa sukan kashe hoton da hannunsu saboda ba wanda ya gaya musu. Na farko, masu kai tsohon hoto a liƙe shi cikin roba da zafi kamar katin ɗan ƙasa. Zafin da gam ɗin suna cin hoton a hankali, kuma ba a iya cire shi daga baya ba tare da an ɓare fuskar ba. Na biyu, masu rataye hoto guda ɗaya tilo da suke da shi a bangon da haske ke bugu. Hotuna masu launi na shekarun 1980 da 1990 sun fi baƙi da fari saurin koɗewa, shi ya sa kake ganin hoton auren da bai kai shekara 40 ba ya koma ja-ja, alhali na kaka yana nan da kyansa. Na uku, masu rubutu da bik a bayan hoto. Tawada tana ratsa takarda, in damina ta zo ta manne a fuskar hoton da ke ƙasa. Haka ma masu ɗaure hotuna da roba, da masu manna su da gam ko salatif, da masu cusa su cikin leda su ƙulle. Leda tana riƙe danshi, hotuna su yi gumi a ciki su manne.

Yanayin ƙasarmu ba ya yi wa hoto sassauci. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. A Agusta danshi ya shigo. Zafi da danshi su ne manyan abokan gaban hoto da dodonsa. Ga kuma ambaliya: daminar 2024 ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a Nijar, har tsohon masallacin Zinder ya faɗi. Wanda ruwa ya shigar wa gida cikin dare yara zai ɗauka, ba adaka ba. Don haka tun yanzu za a ɗaga adakar, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin yi ba shi da wuya. A fara da suna kafin komai. A sami fensir mai taushi, a ɗora hoton a kife kan wuri mai tauri da tsabta, a rubuta a hankali ba dannawa: sunan mutum, sunan mahaifinsa, laƙabin da aka fi saninsa da shi, garinsa, da shekara. In ba a tuna shekara ba, a rubuta abin da aka tuna, kamar “bayan yunwar 1984” ko “shekarar da Alhaji ya je Makka”. In takardar mai santsi ce fensir ba ya kamawa, a ba hoton lamba a jikin ambulan, a rubuta bayanin cikin kaye. Lokacin da tsohuwa ke bayani, a kunna salula a naɗi muryarta, domin abin da za ta faɗa ya fi abin da bayan hoto zai ɗauka.

Sannan a sa hotuna cikin ambulan na takarda, a raba su da farar takarda in suna son mannewa. Dodannin hoto a kama su ta gefe, kada yatsa ya taɓa tsakiya, a ajiye su a ambulan dabam. In aka buɗe aka ji suna warin tsami kamar binegar, fim ɗin ya fara ruɓewa ke nan, a ware shi daga sauran don kada ya shafe su, a gaggauta kwafe shi. Kada a jefar da dodo don an ga akwai hoton, domin dodon ne uwa, daga gare shi ake samun hoto mafi kyau. Adakar a ɗora ta kan bulo ko tebur, nesa da bango kaɗan, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, wanda sau da yawa ɗakin ƙasa ne. A buɗe ta sau biyu a shekara, bayan damina da cikin hunturu. In ruwa ya riga ya jiƙa hotuna, kada a shanya su a rana kuma kada a bar su su bushe a manne. A raba su a hankali tun suna jiƙe, a ɗauraye laka da ruwa mai tsabta ba gogewa, a shimfiɗa su ɗai-ɗai a inuwa fuska sama.

A nan ne salula ke da amfaninta, a matsayin mai kwafi. A ɗauki kowane hoto a inuwa da rana, ba filasha, gaba da baya don sunan ya tafi tare da fuskar. A tura wa ƴan’uwa biyu ko uku da ke garuruwa dabam a matsayin fayil, don kada a matse shi. Wanda za a rataye a bango ya zama kwafi, asalin ya koma adaka. Hotunan salula kuwa, a zaɓi goma mafi muhimmanci kowace shekara a wanke su a takarda. Amma a kiyaye: kwafi na dangi ne. Hoton matar wani ko uwar wani ba a zuba shi a Facebook sai da izinin masu shi.

Malaman makaranta, ku ne kuka fi kowa iko a kan wannan al’amari, domin aikin gida da mushe ya bayar yana shiga ɗakin da wa’azina ba zai shiga ba. Ku ba ƴan aji aiki sau ɗaya a shekara: kowane yaro ya nemi hoto mafi tsufa a gidansu, ya zauna da babba, ya rubuto suna da gari da labarin ranar da aka ɗauka. Kada ku ce a kawo asalin hoton lakwal, zai ɓace a jakar yaro ku jawo wa kanku rigima da iyaye. Bayanin ake so, da kwafi in an yarda. Yaron da gidansu ba hoto, ya rubuto kamannin kakansa daga bakin wanda ya san shi, kada a bar shi ya ji kunya. A cikin wannan aiki ɗaya yaro ya koyi tambaya, da rubutu, da lissafin shekaru, ya kuma gane cewa tarihi bai tsaya kan sarakuna da Turawa ba. Ku ma ku duba ofishin darakta. Hotunan ajin farko na makarantarku suna ina, kuma wa ya rubuta sunayen da ke ciki? Kwamitin iyayen yara yana iya sayen kaye guda da adaka guda don wannan.

Saura tsofaffin masu hoto na garuruwanmu, waɗanda salula ta kashe wa kasuwa. Wanda ya san ɗaya daga cikinsu, ko ya san magadansa, ya je ya tambaya ko akwai sauran dodanni. Buhu guda na mai hoto yana iya ɗauke da fuskokin gari sukutum na shekara 20. A Mali an yi wannan aiki: tare da Jami’ar Jihar Michigan ta Amurka an tsabtace an kuma kwafe dodannin hoto kusan 100,000 na masu hoto biyar, ciki har da Malick Sidibé. A Nijar muna da Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar Yamai bayan samun ƴancin kai, ya rasu a 2014, kuma da hotunansa ake sanin yadda birnin yake a wancan zamani. Muna da cibiyar IRSH ta Jami’ar Abdu Mumuni da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, waɗanda aikinsu ne adana irin wannan kaya. Amma ba za su bi gida-gida a Kiyeshe ko Dumega suna buɗe adakar mutane ba. Magadan gari da masu sarauta, daga fadar Sarkin Arewa har ta Samna a Tibiri, suna iya ware ɗaki guda mai sanyi da kabad guda, in mu iyaye da malamai muka matsa.

In an zo rabon gado ana ƙidaya gona da shanu da kwanon rufi, ba wanda ke tambayar wa zai riƙe hotuna. To a fara tambaya. A kowane gida a naɗa mutum ɗaya, mace ko namiji, wanda kowa ya san amanar hotunan tana hannunsa. Kuma kada a jira hutu ko Sallah. Takarda tana iya jiran wata shekara, amma tsohuwar da ta san sunayen ba ta yi wa kowa alkawarin kaiwa baɗi ba. A sayi fensir yau, a je a gaishe ta gobe.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana.